Garin da yake cin abinci da haske: hirar zaure kan Jena

Ɗan Jena: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shekaranjiya Dokta ya tsokane ni yace wai ni da nake karatun fotoniks a Jamus in na dawo gida me zan kasa a faranti, haske? Aka yi ta dariya ni kuma ina lab ban samu amsawa ba. To yau Asabar na samu sarari. E ranka ya daɗe haske ake sayarwa, kuma garin nan da nake zaune da shi suke ci da shi suke sha. Jena, su Yena suke cewa, ɗan gari ne mai mutum dubu 110 ko kusa da haka, yana kwance cikin kwari a bakin kogin Saale a jihar Thüringen, tsohuwar Jamus ta Gabas kenan. Amma a nan kamfanin Zeiss mai lensi da maikroskop ya samo asali, a nan kamfanin Schott mai gilashi ya samo asali, ga Jenoptik, ga ƙananan kamfanoni birjik, wannan yana goge lensi wancan yana haɗa lesa (na'urar harba siririn haske mai ƙarfi) wani kuma na'urar da tauraron ɗan adam ke kallon taurari da ita ya gane inda ya dosa. In ka shiga tiram da safe ka tambayi na kusa da kai aikinsa da wuya ka wuce mutum uku baka ji gilashi ko lesa ba

Ummi: Yaya dan Allah kafin ku yi nisa mene ne ma fotoniks ɗin, kar a bar mu 'yan baya a tasha

Oga Faiba: Ƙanwata saƙon nan da kika turo yanzu, daga hasumiyar sabis ya faɗa cikin zaren gilashi mai sirantar gashin kai, a matsayin walƙiyar haske ya yi tafiya har ƙarƙashin teku ya dawo. To duk sana'ar sarrafa haske ya yi maka aiki, ya ɗauki saƙo ko ya yanka ƙarfe ko ya gyara ido ko ya auna abu, ita ce fotoniks. Ni da nake haɗa faiba a bakin titi rana na dukana ɗan gidan ne, illa dai ni ne talakan dangin hhh

Dokta: To Ɗan Jena mun ji, amma faɗi gaskiyar dalili. Jami'a ce. Jami'ar garin tun 1558 take, kuma ba don Ernst Abbe masanin fiziks ba da Zeiss ya mutu a matsayin ɗan ƙaramin mai shago wanda babu wanda ya san shi. Har yau lissafin Abbe muke koyarwa a aji. Ilimi ne gaba, ciniki na biye. Shi ya sa nake cewa a zuba kuɗi a bincike kawai sauran zai zo da kansa

Ɗan Jena: Dokta rabin maganarka gaskiya ce, amma tsaya in ba da labarin yadda ya faru sai jama'a su yi hukunci. Carl Zeiss makaniki ne, ya buɗe shagonsa a 1846 yana gyaran kayan awo da tabarau yana haɗa maikroskop. Yadda ake yi a lokacin shi ne gwaji, a goge lensi a ɗora wannan kan wancan a leƙa, in bai yi ba a cire a sa wani, har sai an dace, kamar mai neman makullin da zai buɗe kwaɗo cikin tarin makullai. Shekara ashirin yana haka, zuwa 1866 ya sayar da maikroskop wajen dubu, wato yana da kasuwa yana da yara a shago, amma abin na damunsa don kowace na'ura da irin nata kyan kuma masu gasa da shi sun fara wuce shi. Shi ne da ƙafarsa ya nemi wani matashin malamin jami'a, Abbe kenan, yace zo ka lissafa min wannan abin a takarda kafin a taɓa gilashi. Kuma abin dariyar, lensin farko da Abbe ya lissafa sun fi na gwajin muni. Zeiss bai kore shi ba ya ci gaba da zuba kuɗin shagonsa, sai 1872 aka fara sayar da na lissafin, a 1873 Abbe ya buga bayanin dalilin da ya sa maikroskop na haske ba zai iya rarrabe abu biyu da tazararsu ta gaza kusan rabin tsawon zangon igiyar hasken ba, wajen nanomita 200, wato kaso ɗaya cikin dubu biyar na milimita. Lissafin yana nan an sassaƙa shi a jikin dutse gaban tsohon ginin jami'a, kullum nake wuce shi a keke

Alhaji Kwari: Yawwa. Ni ban yi fiziks ba amma abin da na ji a nan shi ne mai shago ne ya ɗauki farfesa aiki, ba farfesa ne ya tashi da takarda yana neman wanda zai saya ba. Dokta ka ji ko? Mai kaya ya san abin da kwastoma ke ƙorafi a kai. Shekara shida mutum yana ciyar da bincike daga aljihunsa bai ga riba ba, wallahi ko ni da nake son ilimi a shekara ta biyu zan ce Malam Allah ya haɗa kowa da rabonsa

Dokta: Alhaji ai ka faɗi matsalar da bakinka, ku masu kuɗinmu ba ku da haƙurin shekara shida, kwantena kuke so ta juya cikin wata uku

Alhaji Kwari: Mu ma ba mu taɓa ganin malamin da ya zo Kwari ya zauna a benci ya tambaye mu me ke ci mana tuwo a ƙwarya ba. Sai dai a turo ɗalibai da takardar tambayoyi mu cike su tafi, shikenan an yi digiri da mu

Ɗan Jena: Hhh ku dakata akwai na uku. Lissafin ya nuna irin gilashin da ake buƙata amma babu shi a duniya a lokacin, gilashin da ake da shi kala kaɗan ne. Sai ga Otto Schott, ɗan gidan masu gilashi ne da ya karanci kemistiri, ya rubuto wa Abbe wasiƙa a 1879 da samfurin wani gilashi da ya narka, daga baya ya tattaro ya dawo Jena, a 1884 suka buɗe masana'antar gilashi tare, kuma a nan gwamnatin Prussia, babbar masarautar Jamus a lokacin, ta sa musu tallafin kuɗi. Daga nan aka samu lensin da ba ya yi wa hoto bakan gizo a gefe a 1886. To kun ga makaniki da mai lissafi da mai narka gilashi duk cikin gari ɗaya da za ka iya zagawa a ƙafa, in abu ya ƙi da safe kafin azahar an je an samu mai shi

Anti Lab: Ni fa tun ɗazu ina karantawa ina murmushi don Abben nan kullum sai na taɓa shi ban san mutum ba ne. Abin da ke ƙarƙashin faifan maikroskop mai tara haske sunansa ake kira da shi, mun haddace a makaranta mun wuce. Kuma man da muke ɗigawa a kan silaid kafin mu sauke lensi mai lamba 100 mu nemi ƙwayar maleriya, ashe duk daga can ne. Amma bari in faɗa muku inda ni abin yake min ciwo. A inda nake aiki akwai maikroskop shida a saman kabad a jere an lulluɓe su da leda kamar gawa, biyu kawai ke aiki. Ba wani babban abu ne ya same su ba fa, damina ta zo fumfuna ta fito a cikin lensin kamar saƙar gizo, hunturu ya zo ƙura ta shiga, wani sabon yaro kuma ya ga lensi ya yi dauɗa ya jiƙa auduga sharkaf da zailin, wani sinadarin wanke maiƙo mai ƙarfi, ya goge, maganin ya shiga ya narkar da gam ɗin da ya riƙe gilasan, tun daga ranar in ka leƙa sai ka ce hazo. Mun nemi mai gyara har mun gaji, wanda aka kawo mai gyaran agogo ne, ya kwance ya kasa mayarwa. Ranar kasuwa sai mu yi silaid masu yawan gaske na masu zazzaɓi muna layi a kan na'ura biyu, idona har ruwa yake. To ni in ana maganar masana'antar haske daga nan nake kallonta

Ɗan Jena: Anti wallahi kin taɓo wurin. Abin da ya fi ba ni mamaki a nan ba farfesoshin ba ne don farfesa ko'ina akwai, masu aikin hannun ne. Akwai sana'a guda ta goge gilashin awo, yaro na gama sakandare zai shiga kamfani a matsayin ɗan koyo shekara uku da rabi, wasu kwanaki a makaranta wasu a shago, ana biyansa kuma, ya fito da takardar da ake girmamawa. A inda nake aiki akwai wata dattijuwa da ta kusa ritaya, tun zamanin Jamus ta Gabas ta koya. Satina na farko na ɗauki wani madubi da yatsu haka kawai babu safar hannu, ban ma san ta gan ni ba, sai ji na yi an riƙe min wuyan hannu, ta karɓa ta ɗaga shi a fitila ta nuna min zanen yatsana a kai bata ce komai ba, kunya kamar ƙasa ta tsage. Daga baya muka saba ta nuna min yadda take yi, faifai ne da aka shafe da wani baƙin abu kamar kwalta, tana zuba ruwan hoda tana juya gilashin a kai a hankali, can sai ta wanke ta ɗora wani gilashin awo a samansa, sai ka ga zobba zobba masu launi sun fito kamar in mai ya zuba a ruwa, da ƙirga zobban nan take sanin saura nawa, abin da bai kai kaso ɗaya cikin dubu na milimita ba. Akwai injina masu kwamfuta da ke yin yawancin aikin yanzu amma in aka zo kan guda ɗaya mai wuyar sha'ani na ɗan bincike wurinta ake zuwa. Ni mai digiri in na zana abu sai ta kalla tace wannan ba zai goguwa ba canza nan, kuma ita ke da gaskiya

Baba Kakuri: Yaro ina da tambaya. Na ji kace Jamus ta Gabas. Mu dai mun san da aka haɗe ƙasar masana'antun gabas rushewa suka yi. Ya aka yi wannan bai mutu ba? Ina tambaya ne don na yi shekara 22 a masaƙa a Kaduna, na ga yadda babban kamfani ke mutuwa ya ja unguwa guda ya tafi da ita

Ɗan Jena: Baba ai sau biyu ma ana kashe shi. A 1945 sojojin Amurka ne suka fara shiga garin, da suka san yankin zai koma hannun Rasha sai suka kwashi manyan masana da shugabannin Zeiss da Schott a motoci suka yi yamma da su, na Schott mutum 41 ne har yau ana ba da labarinsu, su suka kafa Schott na Mainz, na Zeiss kuma suka kafa na Oberkochen. Sai Rasha ta karɓi yankin, a 1946 ta kwance kusan duk injinan ta loda a jirgin ƙasa har da wasu ma'aikatan. Aka bar gini fanko. Waɗanda suka rage suka sake tayar da shi, gwamnatin gurguzu ta mayar da shi nata, aka koma Zeiss biyu suna shari'a a kotunan duniya kan wa ke da sunan. Na biyu kuma bayan haɗewar 1990, lokacin ma'aikata kusan dubu 30 ne a garin nan kaɗai, kasuwarsu ta ƙasashen gurguzu ta ɓace dare ɗaya, fiye da rabinsu aka sallama. Aka raba kamfanin, wani ɓangare ya koma hannun Zeiss na yamma, ragowar ya zama Jenoptik aka ɗauko Lothar Späth tsohon shugaban gwamnatin jihar Baden-Württemberg ya riƙe a 1991. Tsohuwar babbar masana'antar da ke tsakiyar gari yanzu rabi ajujuwan jami'a ne rabi kantuna, tiram har cikin harabar yake shiga. Amma da yawa cikin injiniyoyin da aka sallama ba su bar garin ba, mutum uku huɗu za su haɗu su karɓi tsohon inji da ɗaki ɗaya su ci gaba da yin abu guda da suka iya, kamfanoni da dama da ake ji da su yau haka suka fara

Baba Kakuri: Allah sarki. Mu namu fitocin da za su kwance injin saƙa su ɗaure ido a rufe, acaɓa suka koma, wasu gadi, wasu sun koma ƙauye sun rasu da abin a kansu. Babu wanda ya zo yace ku tsaya ga ɗaki ga inji. Ni kaina injin markaɗe na saya da kuɗin sallamar da aka biya rabi

Dokta: Allah ya saka muku Baba. Amma Ɗan Jena kar ka sa mutane su ɗauka zuciya ce kawai ta tayar da garin. Biliyoyin mak, kuɗin Jamus na lokacin, gwamnatin tarayya da ta jiha suka zuba a gyaran Zeiss na gabas, Jamus ta Yamma mai arziki ce ta ɗauki nauyin. Kuma a 1992 aka buɗe cibiyar Fraunhofer ta fasahar haske a garin, ga cibiyar Leibniz, ga sabuwar makarantar koyon injiniyanci mai sunan Abbe. Duk kuɗin gwamnati ne. Maganata ta farko na nan

Ɗan Jena: Ban musa ba Dokta, kuɗi sun shiga sosai. Sai dai duba yadda ake ba Fraunhofer kuɗin, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai gwamnati ke bayarwa kai tsaye, sauran sai sun nemo da kwangila, daga kamfanoni ko gasar ayyukan bincike, kuma yawan abin da cibiya ta samo daga kamfanoni yana shafar kasonta na gwamnati. Don haka shugaban sashe a can dole ya san masu masana'anta da suna, ya je ya ji me ya ƙi musu. Ɗan ƙaramin kamfani mai mutum 20 ba zai iya sayen injin shafe madubi na miliyoyin yuro ba, sai ya je can a yi masa samfur, in ya yi kyau ya samu oda sannan ya je banki

Alhaji Kwari: To wannan tsarin na gane shi. Kamar dillali ne tsakanin malam da mai kaya, kuma dillalin ba ya cin la'ada sai an yi ciniki

Dokta: Mu kuma a nan da takardun da ka buga ake ƙara maka girma, ko mutum ɗaya bai karanta ba. Ina da abokin aiki da ya haɗa na'urar auna gurɓatar man gyaɗa da haske, tana aiki fa na gani da idona, ya buga takarda biyu ya samu ƙarin girma ya yi rajistar mallakar fasahar ya sa takardar a firem a ofis, na'urar tana cikin kwali ƙarƙashin teburinsa shekara ta biyar kenan. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, daga samfurin da aka ɗaure da salatif zuwa abin da Alhaji zai iya sa wa farashi akwai tafiya mai nisa, a yi mata gida mai ƙarfi, a gwada guda ɗari su ba da amsa iri ɗaya, a samu shaidar hukuma, a samu mai gyara in ta lalace. Kuɗin bincike ya ƙare a bakin wannan rami, ɗan kasuwa kuma yana tsallaken yana cewa in ka iso ka same ni

Ummi: To a Jamus in malami ya ƙirƙiro abu na waye, nasa ko na makaranta?

Ɗan Jena: Da nasa ne, amma tun 2002 suka canza doka, yanzu jami'a ce ke da haƙƙin ta yi rajista ta nemi mai saye, shi kuma a ba shi kashi 30 cikin ɗari na abin da ya shigo. Amurka ta yi irin nata tun 1980. Akwai kuma tallafin gwamnati da ake kira EXIST, in ku ɗalibai kuna da abin da kuke ganin zai sayu a biya ku kuɗin rayuwa na shekara guda ku zauna a jami'a ku gwada mayar da shi kamfani. Wasu na cewa dokar 2002 ɗin ba ta ƙara komai ba ma sai takardu, ana ta musu a kai har yanzu

Oga Faiba: Ni bari in goyi bayan Alhaji da misalin sana'ata. Wanda ya fara nuna cewa zaren gilashi zai iya ɗaukar saƙo nesa in aka tsarkake gilashin Charles Kao ne, a wani ɗakin bincike a Ingila a 1966, har Nobel ya samu a 2009. Amma wa ya fara yin zaren da ya yi aikin? Corning na Amurka a 1970, saboda su dama masu narka gilashi ne sun fi shekara ɗari a kai, suna da tanderu suna da mutanen. Wato mai tunanin daban wanda ya ci kasuwar daban. Kodak ma injiniyansu ne ya haɗa kyamarar dijital a 1975 suka ajiye don kar ta kashe musu cinikin fim, a 2012 suka durƙushe. Ilimi kaɗai ba ya hana ka kwana da yunwa Dokta

Dokta: Amma ka lura garin Kodak ɗin, Rochester, bai mutu ba, don jami'arsu na da makarantar ilimin haske tun 1929 kuma ƙananan kamfanonin lensi sun cika garin. Misalinka ya dawo gidana hhh

Oga Faiba: Ya dawo gidan tsohuwar da ta riƙe wa Ɗan Jena hannu dai

Anti Lab: Ni abin da ban gane ba, shekara kusan 180 kamfani bai watse a rabon gado ba? Mu nan mai shi na rasuwa kafin arba'in an fara kiran lauya

Ɗan Jena: Anti wannan ma aikin Abbe ne. Zeiss ya rasu a 1888, a 1889 Abbe ya kafa gidauniya da sunan Zeiss, daga baya ya mayar mata da hannun jarinsa aka sayi na magada, kamar waƙafi dai in za mu kwatanta. Har gobe gidauniyar ce kaɗai mai Zeiss da Schott, ba a sayar da hannun jarin, ribar da take karɓa tana komawa tallafin kimiyya a jami'o'i. Shi Abbe ɗan leburan masaƙa ne Baba, ya tashi yana ganin mahaifinsa na fita da duhu ya dawo da duhu, shi ya sa ya sa fansho da hutu mai albashi a dokar kamfanin, a 1900 kuma ya mayar da aiki awa takwas

Baba Kakuri: Ashe ɗan gida ne. To Allah ya sa mu ga irinsa a namu masu kuɗin

Alhaji Kwari: Kar dai a mayar da su waliyyai. Ni na san tabaran hangen nesa na soja da abin saitin bindiga duk irin waɗannan kamfanonin ke yi. Wa ya fi soja sayen kaya da tsada ba ya neman ragi?

Ɗan Jena: Gaskiya ne Alhaji, yaƙin duniya na ɗaya da na biyu duk sun yi wa soja aiki sosai, kuma zamanin Hitler an yi amfani da mutanen da aka tilasta wa aiki a masana'antar, su kansu ba sa ɓoyewa yanzu. Babban kwastoma mai biya ko nawa ne yana cikin sirrin, da soja ne, yau kuma masu yin ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta ne. Injin da kamfanin ASML na Holan ke yi wanda ake zana mafi ƙanƙantar cif, wato ƙwaƙwalwar nan, da shi, haskensa nanomita 13.5 ne, ana samunsa ne ta hanyar harbin ɗigon narkakkiyar kuza da lesa sau dubu 50 a daƙiƙa, lesar ta kamfanin Trumpf ce, maduban kuma Zeiss ne kaɗai ke yinsu a can Oberkochen, suna cewa da za a faɗaɗa madubin ya kai girman ƙasar Jamus tudun da ya fi tsayi a kansa ba zai wuce kaso ɗaya cikin goma na milimita ba. Shafen da ke kan madubin, ɓawo kan ɓawo na molibdenum da silikon, masu binciken Fraunhofer na nan Jena na cikin waɗanda suka yi shekaru suna gyara shi, a 2020 su uku, Zeiss da Trumpf da Fraunhofer, suka karɓi kyautar shugaban ƙasa ta fasaha. An fi shekara 20 ana zuba kuɗi kafin injin ya fara aikin kasuwa

Ummi: Kuza dai irin ta Jos?? ikon Allah

Oga Faiba: Ita fa. To mu dawo ƙasa, mu ba cif za mu yi ba. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse ta wajen Kwaddibuwa kowa ya ga yadda bankuna suka tsaya, ranar ne wasu suka fara sanin intanet ba a iska yake zuwa ba. Ni kullum masu aikin titi na tsinka mana, in je in fere zaren in yanke shi da abin yanka na musamman in sa bakin biyu a inji ya daidaita su ya narka ya haɗe, tsakiyar da hasken ke bi maikron 9 ce kawai, ko kaso ɗaya cikin ɗari na milimita bata kai ba, ƙura ɗaya ta hau aikin ya ɓaci. Injin nan daga Japan ko Chaina yake zuwa, in ya fara ba da matsala ko yana son a daidaita shi sai an aika Legas wani lokaci ma waje, wata guda ina zaune. Ga na'urorin asibitin ido, ga na masu awon fili, ga maikroskop ɗin Anti. Duk gilashi da haske ne kuma duk marayu ne. In da za a samu shago ɗaya tak mai ɗaki mara ƙura da mutum biyar da suka koya da gaske, a Zariya ko Kano kusa da jami'a, wallahi aiki sai ya fi ƙarfinsu

Dokta: Wato duk karatun da muka yi a gyaran maikroskop za mu ƙare? Ƙasashe na maganar kwantum, fasahar sarrafa ƙwayoyin zarra da na haske, mu muna maganar goge fumfuna. Afirka ta Kudu fa a 2013 a cibiyar lesarsu ta Pretoria suka fito da lesar dijital, kuma ɗan ƙasar ne baƙar fata Sandile Ngcobo ya yi gwajin yana ɗalibin digiri na uku. Kar mu raina kanmu

Alhaji Kwari: Dokta Zeiss ɗin da kake yabo ai an ce da gyaran tabarau ya fara, shekara ashirin kafin ya kira malam. Ni dai in shagon gyara ne zan iya sa kuɗina don na ga masu biya, ga Anti nan da guda huɗu a kan kabad. In kwantum ne a nemi gwamnati

Dokta: In ba a fara binciken yanzu ba ranar da shagon zai nemi malam ba zai samu kowa ba, duk sun tafi Jamus irin wannan yaron

Ɗan Jena: Hhh Dokta kai ka rubuta min takardar shaida fa da zan tafi

Anti Lab: Ku dai ku ci gaba da musunku. Ɗan Jena ƙanena in na ɗauko hoton lensin nan ta baya da fitilar waya za ka iya nuna wa tsohuwar taku ta faɗa mana wanne zai gyaru wanne za mu haƙura? Guda biyu fumfunar a waje waje take kamar za ta fita

Ɗan Jena: Turo Anti, ki cire lensin daga jikin na'urar ki haska ta ƙasa ki ɗauka ta sama, ki ɗauki rubutun da ke jikinsa ma. Litinin tana zuwa tun bakwai na safe, zan kai mata kafin ta sa hannu a aiki don in ta fara ba ta son magana. Kar dai a sake sa musu zailin kafin nan

Oga Faiba: Ni na tafi, yanzu aka kira wai katafila ta sake tono mana waya a hanyar bayan gari, in kun ga sabis ya ɗauke ku yi min addu'a kar hadarin nan ya sauko kafin in rufe akwatin